Buhunan Yashi a Motar Na-Daji

"Ka ga wannan man da ke zirarowa? To ba gumi ba ne," in ji makaniken. Ya shafa yatsa a jikin shakazoba ta baya, ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, ya ɗago ya nuna wa mai motar. "Ta gama aiki. 'Yan'uwanta ma suna hanya. Duka huɗun za a canza."

"A canza mana," mai motar, wani mai gyaran agogo, ya ce. "Amma irinsu za ka sa mini, Injiniya. Irin na shiga daji."

"Wane dajin?"

"Ka dai san gona."

"Na san labarinta." Makaniken ya fito daga ƙarƙashin motar yana goge hannu da tsumma. "Na-Daji, tun da nake taɓa motar nan ban taɓa cire ƙaya daga tayarta ba. Ƙusa na cire, sai murfin kwalba."

Mai agogo bai yi dariya ba. Da ma sunan nan na Na-Daji makaniken ne ya laƙaba masa, ya kuma bi shi har shago, har gida, har jikokinsa ma da shi suke kiransa. Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba, don a ganinsa sunan gaskiya ne, lokacinsa ne kawai bai yi ba.

Mutumin nan a ƙarƙashin matakalar wani bene ya yi rayuwarsa. Shagon da ya gada wurin mahaifinsa, in ya miƙa hannuwa sai ya taɓa bango biyu. Tun yana saurayi yake zaune a kan kujera ɗaya, gilashi maƙale a ido, ɗan hantsaki a hannu, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba. In ya gaji ya ɗaga kai, abin da yake gani shi ne wata kalanda da wani ya ba shi, mai hoton jif tana ratsa rafi, ruwa na tashi dama da hagu. Shekarar ta ƙare, waɗanda suka biyo ta suka ƙare, kalandar na nan. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, ya koma sa batir da canza maɗauri da gyaran ƙafar tabarau. Bai yi arziki ba, bai kuma roƙi kowa ba.

Furfura ta fara fito masa lokacin da wani kamfanin haƙa rijiya ya yi gwanjon tsofaffin motocinsa. Ya sayi jif mai jan ƙafa huɗu, doguwa, wadda sai an kama ƙarfe ake hawa. Ba a jima ba ya sayi gona a hannun wani mai kawo masa gyara. Sau ɗaya ya je ya gan ta, shi ma a motar mai sayarwar, yana gyangyaɗi rabin hanya. Daga nan ya shiga shiri. Ya sa aka ƙera wa motar ƙarfen ɗaukar kaya a sama, ya ɗaure jarka da igiya mai kauri da shebur sabo fil. Ya sa makaniken ya ƙara wa sifirin na baya ƙarfe, ya ɗaura shakazoba masu tauri, irin na motocin da ke kwana a jeji da buhuna a bayansu.

Ranar da aka gama, ya ɗauki matarsa don ta ji daɗin sabon gyara. Kafin su fita daga layinsu, wanda ruwa ya zaizaye ya bar ramuka, ta ciji harshenta. Ya koma gareji da ƙorafi. Makaniken ya ce masa waɗannan don kaya aka yi su, in babu nauyi a baya harbi suke yi kamar jaki. Ko dai a cire su, ko a ba su kaya.

Na-Daji ya ba su kaya. Ya je wurin masu bulo ya cika buhuna da yashi, ya jera su a bayan motar, ya ce na ɗan lokaci ne, kafin a fara ɗauko amfanin gona. Tun daga ranar yashin nan bai sauka ba. Ya kai yara makaranta, ya je kasuwa, ya je gaisuwar marasa lafiya. In an yi cefane matar ce ke rungume shi a cinya, don baya babu wuri. Takan ce yashin nan ya fi ta ganin gari. Shi kuwa ƙaramin giyan da ke haɗa ƙafa huɗu, ba a taɓa jan sa ba, amma ya yi amfani: a jikinsa ake rataye ledar maganin Inna.

Inna ita ce mahaifiyarsa, kuma saboda ita ya zo garejin yau. A gidansa take, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ciwon baya ya kama ta, likita ya ce kowace Alhamis a kawo ta gashin ƙashi, shi ne kuma mai kai ta. A gida ba sa samun juna. Ga jikoki, ga talabijin, ga masu zuwa gaishe ta, tsakaninta da shi daga "ka dawo?" sai "ka ci?" Amma a mota Inna mai magana ce. Da an faɗa rami za ta ce, "Kai yaron nan, kashe ni za ka yi?" Daga faɗa sai ta tuna yadda mahaifinsa ya taɓa kayar da ita a kan keke, daga nan ta wuce zuwa ranar da ya sayar da agogon wani bisa kuskure ya yi wata guda yana ɓuya. Kowane rami da labarinsa. Abubuwan da Na-Daji ya sani game da ubansa, rabinsu a kan hanyar asibiti ya ji su. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk mako Alhamis yake jira.

Alhamis ɗin da ta wuce, a wajen kwanar gidan mai, motar ta daki wani tudu. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe ƙugu, ta runtse ido, ta yi shiru har gida. Da ya sauko da ita, ta ce a hankali, "Mako mai zuwa mijin ƙanwarka zai kai ni. Tasa motar ba ta da girman kai."

Motar surukin nan 'yar ƙarama ce, ƙasa-ƙasa, wadda Na-Daji ya sha kira kwanon wanka a gaban mutane.

"Ni dai na san zubar man nan ce ta jawo," ya ce wa makaniken. "Da an sa sababbi shike nan."

"Sababbi irin waɗannan? Sai sun fi haka duka. Sai dai ka ƙaro yashi, ka sa Inna a kan rufi kusa da jarka." Makaniken ya ja shi zuwa teburin aiki, inda ya jera kwalaye uku da ya karɓo daga mai kayan gyara don a zaɓa. Ya buɗe na farko. "Ga taka, uwar tauri. Ga kuma wannan, tsaka-tsaki, tana yin kwalta tana yin burji, ba ta gwaninta a ko'ina amma ba ta kunyata mutum. Wannan ta ƙarshen kuwa ta kwalta ce zalla, laushi kamar katifa. Ni in ka tambaye ni, ɗauki ta tsakiya. Ka ga sunanka bai faɗi ba, bayan Inna ma ya samu sauƙi."

"Sauƙi nawa?"

"Da dama dai."

"Da dama ko duka?"

"To, duka sai wannan." Ya taɓa kwali na uku. "Amma sai na cire ƙarfen da muka ƙara, kai kuma ka sauke yashinka."

Na-Daji ya ɗauki ta farkon, ya dafa kanta a ƙasa ya danna da duk nauyinsa. Da ƙyar ta motsa. Ya ji daɗin hakan har cikin ransa, ƙarfe ne na maza. Ya ɗauki ta ukun ya danna, ta nutse sannu a hankali, ta dawo ba gardama. Ya daɗe yana kallonta. A cikin agogo ma akwai irin wannan, ɗan siririn ƙarfe da ke tare bugu don kada tsinken da ke juyawa ya karye. Shekara da shekaru yana faɗa wa masu kawo gyara cewa in abin nan ya yi tauri, agogo ya faɗi, na ciki ne ke sha. Bai taɓa zaton maganar za ta biyo shi gareji ba.

"In na sa wannan," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ranar da za ni gona fa?"

Makaniken ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar mutumin, ya fasa. "Za ta je. Sai dai a hankali, kamar ka ɗauko ƙwai. Kuma ba za ka dawo da buhu goma ba."

"Sa ta."

"Ta tsakiyar?"

"Injiniya, kunnenka ƙalau. Mai laushin."

Da yamma ya dawo gida, ya sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya ya jingine su a bangon waje. Wasu sun ruɓe, suna tsiyaya. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. "Ikon Allah," ta ce, "yau baƙinmu za su sauka? A kawo musu ruwa?" Ya wuce ɗakin Inna ya durƙusa, ya ce an gyara mota, ta gwada sau ɗaya tak, in ta ji ko ɗis, shi da kansa zai kira surukin. Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Sau ɗaya," ta ce.

Ranar Alhamis ya goge kujerar gaba, ya sa ɗan akwati a ƙasa ta taka ta hau. Ya bi layin a hankali, ya hau kwalta. Motar ta zama wata iri, tana lilo kamar ba tasa ba. Suka doshi kwanar gidan mai. Tudun ya wuce ta ƙarƙashinsu kamar an taka filo. Ya saci kallon Inna yana jiran yabo, ko faɗa, ko ma mene ne.

Inna ta yi barci. Kanta ya jingina da gilashi, bakinta a ɗan buɗe, hannunta a kan jaka. Suka wuce gadar da takan ba da labarin keke, shiru. Suka wuce ramin da ke gaban makarantar 'yan mata, wanda ya saba fito da labarin kakarsa mai rowa, shiru. Ya yi gyaran murya. Ya yi tari. Har ya ɗan kai taya gefen wani rami da gangan, sai kunya ta kama shi ya kauce. A asibiti sai da ya taɓa kafaɗarta ta farka. A hanyar dawowa, kafin ya fita daga ƙofar asibitin ta koma barcinta inda ta tsaya.

Sai da suka shigo layinsu, motar ta sauka a ramin farko ta girgiza, sannan ta buɗe ido.

"Har mun iso? Kai yaron nan, wannan layin naku ko hanyar shanu." Ta gyara zama, ta shafa ƙugu, ta ga babu abin da ya motsa. "Ubanka ma haka ya bar rami a ƙofar shago, sai da wani mai kawo agogo ya karya ƙafa a ciki. Ban taɓa faɗa maka ba?"

"Ba ki taɓa ba, Inna."

Ya rage gudu har motar ta kusa tsayawa. Amma layin gajere ne, labarin bai kai rabi ba suka iso ƙofa. Ya kashe injin, bai buɗe ƙofa ba, ita ma ba ta ce ya buɗe ba, sai da ta kai ƙarshe, inda mai karyayyar ƙafar ya zama aminin mahaifinsa.

Da ya sauko da ita, ta tsaya ta dafa motar. "Ka ce wa mijin ƙanwarka ya huta," ta ce. "Kuma tunda motar ta zama gado, sai ka kai ni in ga gonar nan taka da ake ta faɗa, kafin ruwa ya sauka."

"To, Inna."

Ya tsaya yana kallonta har ta shige. Shakazoba na daji suna can a tarin ƙarafan gareji. Hanyar gonar kuwa, abin da ya iya tunawa shi ne akwai wata babbar bishiya, ko ta dama ko ta hagu. Sai an nemo lambar wanda ya sayar masa.

Ya taka tayar baya ya hau, ya kwance shebur ɗin daga rufi. Igiyar ta bushe, sai da ya sa haƙori. Ya ɓare ledar da ke naɗe da bakinsa tun daga kanti.

"Ina zuwa, Na-Daji?" matarsa ta tambaya daga ciki. "Dajin ne yau?"

"Shi ne," ya ce.

Ya saɓa shebur, ya ja buhun yashi ɗaya ta kunne, ya nufi bakin layi inda manyan ramukan suke. Daga can zai faro cike su. Ɗan ƙaramin ramin da ke tsakiyar layi, wanda ba ya wuce ya tashi mai barci, wannan sai gobe ko jibi.