Janar da Hular Kwanon Auta

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar bariki ya san Janar. Ba janar na gaskiya ba, ina! Mutumin da ko tsuntsu bai taɓa harbi ba. Tela ne, shagonsa na tsallaken titi, tsakanin mai aski da mai gyaran takalma. Sojoji ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu. Da ƙuruciya ya je shiga soja, aka jingina shi da sandar awo, aka ce ya koma gida ya ƙara tsawo. Bai ƙara ba. Sai ya sayi keken ɗinki, ya kama shago a inda zai riƙa jin ƙarar takalman fareti kowace safiya.

Ɗinki kam yana yi, amma abin da ya fito da sunansa hula ce, wannan mai laushin da sojoji ke karyawa gefe guda. In an ba kurtu ita sabuwa fil, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Ga gashi buzu-buzu, ga faɗi, in ya ɗora sai ka ce matashin kai ya kifa. Sai manyansa su ce, "Tsallaka wurin Janar." Shi kuma ya ɗauki reza ya aske gashin tas, ya yanke shafin ciki, ya tsoma ta a ruwan zafi, ya tsoma a na sanyi, ya matse. To, ga inda aikin yake: hular ba ta zama yadda ake so sai a kan mutum, kuma dole ta bushe a wurin. Soja kuwa ina ya ga lokacin zama jiran hula? Allah da ikonsa, ya ba Janar kai madaidaici, ba babba ba, ba ƙarami ba, irin kan da ya dace da na kowa. Saboda haka shi ke sawa. Ya daidaita tambarin bisa idonsa na hagu, ya ja gefen dama ya kwantar da shi har kunne, ya koma kan keke ya ci gaba da ɗinki, ruwa na bin wuyansa.

Haka zai wuni, yana taka keke yana atishawa. Sababbin kurata kan leƙo, su ga dattijo da hular manya, su ƙame su sara masa. Shi ko gogan ba ya gyara musu, sai ya ɗaga hannu a hankali ya ce su huta.

Matarsa takan ce, "Ni dai tun da na aure ka ban taɓa ganin kanka a bushe ba. Mura ce ta raini 'ya'yan nan tare da ni."

Abu ɗaya ne Janar ba ya ƙauna a kayan soja: hular kwano. Ko sunanta aka ambata sai ya taɓe baki. Ya ce kwano na kicin ne, ya ce tana mai da jarumi kunkuru, ya ce duk kyan soja a karyin hularsa yake. In za a faɗi gaskiya, haushinsa shi ne ba ta askuwa, ba ta jiƙuwa, ba ta buƙatar Janar. Wannan karatu kuwa babu wanda ya haddace shi kamar Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta tashi a gindin keken nan tana miƙo masa reza.

Auta ta ɗebo tsawon uwarta da taurin kan ubanta. Ranar da aka jingina ta da sandar awo, ba wanda ya ce ta koma gida. Ta zama direbar babbar motar sojoji. Da ta kawo tata hular, Janar ya kori kowa daga shago, ya aske ta kamar mai aske jariri. Wannan karon bai ara mata kansa ba, a kanta ya karya ta, ya zaunar da ita har ta bushe. Da ta miƙe ta sara masa, sai ya ce rezar ce ta sa masa gashi a ido.

Ana nan, aka ce za a tura su bakin daga. Aka ba ta 'yan kwanaki ta yi sallama da gida. Ta shigo shago, ta dungurar da hular kwanonta a kan teburin yanka, ƙum!

"Baba, ga abokiyar gabarka. Wallahi gaskiyarka ce. Nauyi, zafi, ciwon kai. Ni rataye ta nake a jikin kujerar mota. In saje ya matso in kifa, in ya wuce in cire."

Janar ya ƙyalƙyale da dariya, har da buga cinya. Dariyar ba ta je ko'ina ba ta maƙale masa. A bayan keken akwai ƙusa, a jikinta akwai huluna da ya gyara tsaf, masu su suka ce za su karɓa in sun dawo. Bai taɓa tambayar dalilin da ya hana su zuwa ba, don ya sani. Tsoro ya kama shi.

Ya gyara murya. "Auta, can fa ba fareti ba ne. Ƙarfe ke tashi. Ki riƙa sa ta, ki ɗaure har haɓa."

"Kai, Baba! In zama kunkuru?"

"Wa ya ce kunkuru?"

"Kai mana. Tun ina rarrafe."

Ya yi wa'azi, ya yi lallashi, ya yi faɗa. Duk maganar da ya jefa sai ta mayar masa da tasa ta dā, har da kwaikwayon yadda yake taɓe baki. Mai aski da ke jin su ta bango ya yi dariya har ya kusa yanke kunnen wani.

Da Janar ya ga baki ba zai yi ba, sai ya koma ga abin da ya iya. Washegari ya buɗe shago, ya ɗauki hular kwanon nan ya kifa a kansa, ya ɗaure maɗaurin a haɓa, ya hau keke. Tabɗi! Layin nan ya samu abin kallo. Mai gyaran takalma ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, yaƙin ya iso layinmu ne? Ka gaya mana mu kwashe kaya." Sojoji suka riƙa tsallakowa ba don ɗinki ba, sai don su gani da idonsu. Wani ya ƙwanƙwasa ta da 'yan yatsu ya ce yana sallama. Janar bai kula kowa ba, gumi na zuba, wuya na sagewa, shi dai yana sauraron inda take ciwo.

Kafin rana ta yi sanyi ya gano. Soson da ke ciki ta wajen goshi ya zame, yana danna wuri ɗaya. Bakin maɗaurin kuma kaifi gare shi, yana cin ƙasan haɓa. Ya mai da soson mazauninsa, ya naɗe maɗaurin da ƙyalle mai laushi, ya ɗinke da ƙananan ɗinki. Ya kai gida yana taƙama.

Auta ta sa, ta girgiza kai, ta cire. "Goshin ya daina. Amma ƙeyata kamar ana murɗa min ita."

"Wace ƙeya? Ni na wuni da ita, lafiya lau!"

Matarsa, da ke zaune bakin gado tana ninke wanki, ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, kai gashi gare ka?"

Ya shafa sanƙonsa.

Ashe tulin gashin da Auta ke tufkewa a ƙeya ne ke tokare hular, ya turo ta gaba. Uwar ta jawo ta, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta warware, ta yi mata kitso ƙanana kwantattu, tana yi tana dungure mata kai kamar tana 'yar firamare. Aka sake kifa hular. Ta zauna daram.

Auta ta je gaban madubi, ta juya hagu, ta juya dama. "Baba, tsakaninka da Allah, na yi kyau?"

Ya buɗe baki zai yi ƙarya, ya ga idonta a madubin, ya fasa.

"Ba ki yi ba. Muni ne da ita, kuma ba zan janye ba. Amma ni ba kyau na aika ba, 'yata na aika. Ina jin tsoro, Auta. Ki sa ta."

Ta ce, "To, Baba, na ji."

Ya san wannan "na ji" ɗin. Da shi ta amsa lokacin da aka hana ta hawa bishiya, kuma ranar ta karye a hannu.

Su Auta suka tafi. Janar ya ci gaba da ara wa mutane kansa, amma hirarsa ta sauya. Duk kurtun da ya zo karɓar hula sai an tambaye shi ina kwanonsa, yana ɗaurewa ko rataye shi yake. Har suka fara cewa Janar ya tsufa. In waya ta kama, Auta kan turo hoto, ga ta jikin mota tana murmushi, hula a karye tsaf har kunne. Uwar ta yi ta nuna wa maƙwabta. Shi kuwa sai ya buɗa hoton da 'yan yatsu, yana leƙen cikin motar ko zai hango abin da ke rataye a kujera. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya ga hula ta karyu da kyau ransa ya ɓaci.

Wata rana da hantsi yana cikin ɗinki, wani kofur ya tsaya a ƙofar shago. Janar ya gane shi, tare suka tafi da Auta. Bai sara ba, bai yi tsokana ba. Ya zuge jaka, ya fito da hular kwano ya ajiye a kan teburin yanka. Ƙyallen maɗaurin ya yi baƙi da datti, amma Janar ya san ɗinkin hannunsa. A gefen hagu, sama da kunne kaɗan, akwai rami dogo, kamar an sara da gatari.

Keken ya tsaya. Janar ya ƙura wa ramin ido.

"Baba, kwantar da hankalinka, tana nan da ranta," in ji kofur da sauri. "Tana asibitin bariki, yau aka kawo mu. Abu ne ya fashe a gefen hanya, guntun ƙarfe ya shigo ta taga. Wuyanta ya ƙage, kunne ɗaya na mata ƙara, sai masifa take wa masu jinya. Ita ta hana a buga waya, wai kada Mama ta faɗi. Ta ce in fara kawo maka wannan."

Janar ya sa yatsa cikin ramin, yatsan ya shige har gaɓa. Ya ɗago maɗaurin, ya ga a yanke yake gida biyu.

"Wannan fa? A kanta take, ko a kujera?"

"A kanta, Baba. Ta ɗaure tamau. Likita ya yi ya yi ya kasa kwancewa, sai da aka sa almakashi."

Janar ya zame daga kujerar keke ya zauna a ƙasa, cikin ƙyallaye da zare, ya rungume hular a ƙirji yana kuka kamar yaro, mai aski da mai gyaran takalma na tsaye a ƙofa.

"Ɗana," ya ce, "sake faɗa mini."

Kofur ya durƙusa kusa da shi. "Sai da aka sa almakashi, Baba."