Dardir da Tiyon Ruwa

Dardir bai taɓa cin Jirjis mai agogo a gardama ba. Sau uku yana mayar masa da agogo ɗaya, wai ba ya tafiya. A na ukun Jirjis ya ɗago kai ya ce, "Ya Ammu Dardir, a hannuna yana tafiya. Kai ne kake shiga da shi inda cokali ke miƙewa tsaye. Sayi zakara." Kasuwa ta kwashe da dariya. Wutar da ake ɗura wa tukwanen masana'antar alminiyam tana da maganaɗisun da ke kashe agogo, kowa ya sani sai Dardir mai gashin bakin nan.

Shekara talatin ina sayar da wake da shayi a ƙofar masana'antar, na san shi tun yana da haƙora. Aikinsa ciyar da tukwane. Farin garin nan da ake tacewa daga jar ƙasa a can wata uwa duniya, jirgin ruwa ya kawo, shi yake zuba musu, lantarki ya dafa, ƙarfe ya kwanta a ƙasa jajir, a zuƙe. Bai tsoron zafi. Ruwa yake tsoro. Ko sandar ƙarfe sai ya gasa ta kafin ya tsoma, don ɗigo ɗaya ya shiga ƙarƙashin narkakken ƙarfe, tukunya ta yi aman wuta. Ya ga yadda ta yi wa abokinsa Shahat. Ba a buɗe likkafanin ba.

Ran nan aka ce manyan baƙi za su zo daga Alƙahira. Mu mutanen Sa'id, kudancin Masar, ba ma tarar baƙo sai mun yayyafa wa ƙasa ruwa. Sabon jami'i, Ustaz Mamduh, mai ƙamshin turare, ya sa aka jawo tiyo har cikin zauren tukwane, ana gab da zuƙar ƙarfe, mutum goma sha huɗu na ciki. Na kai shayi bakin ƙofa, na ga ruwa yana rarrafe a siminti, yana neman layin tukwane na farko.

Dardir ya taka tiyon, ya tsaya a kai.

"Ɗaga ƙafarka, tsoho," in ji Mamduh. "So kake baƙi su shaƙi ƙura?"

"Ƙura ba ta kashe baƙo, ya Basha, ranka ya daɗe."

"Saura wata nawa ka yi ritaya? Yau zan iya gajarta maka."

Tiyon yana kumbura a bayan takalminsa, tukwane suna gurnani. Ni dai na ajiye farantin, na auna nisan titi da gwiwoyina.

Dardir ya goge gumi, ya ce, "Zan ɗaga. Amma matso nan kusa da ni tukuna, ka riƙe hannuna. Ba na son a sha wahalar tsince mu a wuri biyu."