Tukwicin Mai Rabo

Yayana bai taɓa saka kwabonsa a caca ba, amma ya yi shekaru da ita yake ci. Shi ne mai rabon karta a wata rumfa can bayan kasuwa a Rano. Ni dai ban taɓa leƙa wurin ba, Allah ya kiyaye, daga bakinsa na ji yadda ake yi. Zai gauraya karta ya raba, a buga, wanda ya ci kafin ya kwashe sai ya tura wa mai rabo ɗan wani abu. Tukwici suke ce masa. Wanda ya kwashe bai tura ba kuwa, sai ya gwammace bai ci ba, don tsiyar da za a yi masa.

Akwai kuma masu cewa, “Ba zan ba ka ba, zan saka maka a wannan zagayen, in ta ci naka ya ninka.” Wannan ne Yaya ba ya yarda da shi. Sai ya ce, “Ba ni a hannu. Ni aiki na yi.” A ganinsa, tunda bai saka ba, bai yi caca ba. Kuma kowa ya shaide shi, ba ya ɓoye kati, ba ya ƙifta wa kowa ido.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta karɓi wannan fatawar ba. Tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan, kuma duk ranar kasuwa sai ya shigo da nama a ƙunshe. Ba ta yi masa faɗa. Za ta dubi ƙunshin ta ce, “Kai wa matar wanda aka cinye, ai mijinta ne ya saya.” Haka zai ɗauka ya fita, in ga wuyansa ya sunkuya, tausayinsu su biyun ya kama ni.

Bayan an kai ni Kibiya, wata rana da na zo ganin gida, ya roƙe ni in saka namansa a miya, in ce maigidana ne ya aiko. Na yi. Inna ta buɗe kwano ta ce, “Malamin firamare, a tsakiyar wata?” Ranar, gaya ta ci tuwonta, babu miya. Har yau ina istigfari a kan ƙaryar nan.

Da Shari'a ta zo aka tashi rumfar. Yaya ya koma gonar Baba, da kaka kuma ya je ƙauyen Saji aikin ɗaukar amfanin gona. Duk da haka Inna ba ta saki jiki ba. In ya kawo abu sai ta ce a ba jikoki.

Ana nan, a jajibirin wata ƙaramar Sallah da na zo gida, mazan unguwarmu suka yi watanda. Haɗa kuɗi suka yi suka sayo sa a wurin wani makiyayi a Fassi, a yanka kowa ya ɗauki kashi ɗaya. Shekarar da ta gabata an kusa dambe a kan rabo, sai wani ya ce a kira Yaya. A ƙofar gidanmu aka yi, ni da Inna muna kallo ta ramin zana. Da ta ji an ce sai an jefa ƙuri'a kafin kowa ya ɗauka, ta ce, “To, an dawo ke nan.”

Ban taɓa ganinsa yana aiki ba sai ranar. Aka shimfiɗa buhuna, ya durƙusa a tsakiya, yana zagayawa da hannu: tsoka, tsoka, tsoka, har ya dawo inda ya fara, sannan ƙashi, sannan kitse, tumbi, hanta. Ba ya ɗaga kai balle ya ga wa ke tsaye a ina. In wani kashin ya rinjaya, zai ɗaga ya jijjiga a tafinsa, ya yanki ɗan kaɗan ya mayar wa na kusa. Mutanen da suka zo da shirin gardama duk suka yi tsit.

Sai wani Alhaji, tsohon abokin zamansu a rumfar, ya matso yana ƙoƙarin cusa masa kuɗi a aljihu.

“Ga naka tun yanzu, ka dai gane kashin da nake so.”

Yaya ya kauce ya ce, “Haba Alhaji, a can ma ai sai an gama nake karɓa.”

Wuri ya ɗauki dariya. Alhaji ya ce, “Kai, har yanzu kana nan da taurin kan nan naka!”

“Da shi na hana ka cin mutane, ranka ya daɗe.”

Kowa ya kawo alamarsa, wannan tsinke, wancan tsakuwa, wani ƙwallon dabino. Liman, wanda tun farko ya juya baya don kada ya san ta wane ce, ya karɓa ya bi yana ɗora ɗaya a kan kowane kashi. Inda alamarka ta sauka, nan ne naka.

Inna ta taɓa ni. “Ke da kika yi boko, duba min. Wa ya tashi babu komai?”

Na ce, “Babu, Inna. Kowa ya samu, kuma duk ɗaya ne.”

Muna kallo kowa ya ɗauki nasa, sannan ɗaya bayan ɗaya suka riƙa yankar 'yar tsoka suna jefawa a kwanon Yaya. Alhajin nan da ƙuri'a ba ta ba shi abin da ya so ba, shi ya fi kowa yankowa, har da rabin hantarsa.

Yaya ya shigo da la'asar sakaliya, hannu duk jini. Ya ajiye kwanon a bakin madafa ya ce mini, “A dafa wa yara.” Ko kallon ɗakin Inna bai yi ba.

Daga ciki muka ji ta ce, “Ke, gasa min hantar nan.”

Da aka kira magariba ta ci dabino ta kurɓi ruwa, ta jawo farantin. Yaya na tsaye riƙe da buta. Ta tauna a hankali, ta ƙara ɗaukar wata, ta dube ni ta ce na cika gishiri. Shi kuwa ya juya da sauri ya nufi masallaci, sai da na bi shi zaure da takalmansa.