Igiyar da Na Tufka wa Autata

Ban san wasan kurket ba sai da autata ta shigo mini da shi gida. Tsohon malamin firamare ne ni, ina noman doya a wajen Shabu, idan kuma hannuna ya rasa abin yi sai in zauna a ƙofar gidana a Bukan Sidi in yi ta tufkar igiyar rama. Ƙwallon ƙafa ma bai dame ni ba, balle wasan da mutane za su wuni a rana suna gadin sanduna uku. Wani koci ne ya zo makarantarsu, ya ga yadda take kakkaɓo mangwaro da dutse, ya ce wannan hannun ya fi ƙarfin mangwaro. Cikin shekara biyu ta zama mai jifan gudu ta ƙungiyar 'yan matan gari.

Aikinta shi ne ta taso a guje daga nesa, ta dira ƙafarta a kan wani layi, ta saki ƙwallo da nufin kayar da sandunan da ke bayan mai bugu. Idan ƙafar ta ƙetare layin, alƙali ya miƙa hannu ya ce nobol, jifan ya tashi a banza, a ba abokan karawa maki kyauta. Saboda haka wurin da take fara gudu dole ya zama ɗaya kullum. Sauran yara ƙirga taku suke yi. Ni kuwa na ce 'yata ba za ta dogara da ƙirge ba ubanta yana raye. Na zaɓi rama mai kyau na tufka mata igiya gaba goma sha biyu cif, na ƙulle bakin nan da bakin can. Sai ta kafa baki ɗaya a kan layi, ta ja ɗayan, ta ajiye murfin kwalba a inda ya tsaya.

Rani guda ƙafar yarinyar nan ba ta kuskure ba. Na ga ranar da sanda ta tsakiya ta tuge ta yi tsalle ta faɗi can gefe, mai bugun tana tsaye ba ta ma ɗaga katakonta ba. Ba na ɓoyewa, na cika wa mutane kunne. Har a majalisarmu ta bayan la'asar an san cewa idan na fara zancen igiya, gara kowa ya nemi takalminsa.

Da damina ta kankama sai abu ya juya. An yi wasannin wuni guda sau uku a jere, irin wanda kowace mai jifa ake ba ta oba goma, kowace oba jifa shida. A dukkansu hannun alƙali bai huta ba. Idan kuma ta tsira daga nobol, ƙwallon ya tafi a sanyaye, yaran da a da suke rufe ido idan ta taso yanzu suna aika shi bayan fili. Ga shi saura kwana goma a fitar da sunayen waɗanda za su wakilci jiha a gasa, abin da ta shekara biyu tana jira.

Kocin ya tare ni bayan wasa na uku, littafinsa a hannu. Mutumin kirki ne, Hausarsa ta kasuwar Lafia ce.

"Baba, yarinyanka yana da hannu, kowa ya sani," in ji shi. "Amma fom ɗinsa ya faɗi, ba ya wasa kamar da. Ni littafi nake bi, ba fuska ba. In ya ci gaba haka, ba zan iya sa shi a lis ba."

Na koma gida da zuciya a wuya, na sauke a kanta. Na ce waya ce ta cinye mata hankali, na ce yabo ne ya kumbura mata kai. Ta tsaya har na gama, ta ce, "Baba, wallahi ina yin iya ƙoƙarina." Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi damuna.

Kwana biyu bayan haka aka yi ruwa da asuba. Zan tafi gona, sai na karkata babur na bi ta filin, na tarar sun gama atisaye sun watse. Ƙasa a jiƙe take, sawunta yana kwance raɗau. Manomin da ya saba bin sawun akuyar da ta yi masa ɓarna ba ya rasa karanta ƙasa. Na bi takun ɗaya bayan ɗaya. Daga farko tazararsu daidai take, amma huɗun ƙarshe sun cure wuri ɗaya, kamar na mai gudu da ya hango rami a gabansa. Ashe tana ganin layi ya iso ta da wuri, sai ta taka birki, gudun ya mutu kafin ƙwallo ya bar hannunta. Na koma inda take farawa. Ga gurbin murfin kwalba na yau, ga kuma wani tsohon wuri a bayansa da kusan kamu biyu, inda ƙafarta ta cinye ciyawa tun rani.

Na riga na san amsar. Na fasa zuwa gona. A gida na tarar da igiyar a shanye a kan katanga, na ɗauka na auna a ƙirjina. Gaba goma sha ɗaya da rabi. Na tambaye ta me ya kai ta katanga, ta ce tun da aka fara ruwa take wanke ta duk mako tare da kayan wasanta, don ba ta son igiyar Baba ta yi taɓo. Shekara arba'in ina tufka, na fi kowa sanin rama tana tsukewa idan ta sha ruwa. Ban taɓa gaya mata ba, ina can ina cika baki a majalisa.

Na ba ta haƙuri a gaban mahaifiyarta, abin da ban saba ba. Sannan na ɗauki igiyar na je na sami koci, na sa ya shimfiɗa tef ɗinsa a gefenta ya gani da idonsa. Na ce laifin da ke cikin littafinsa nawa ne, sunanta kawai aka rubuta. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce akwai wasan gwaji ranar Asabar, zai ba ta obarta goma, abin da ya gani shi zai rubuta.

Ranar Asabar ta auna da tef. Jifa sittin, hannun alƙali bai ɗagu ko sau ɗaya ba. Ta fitar da mutum biyu, ɗaya sanda ta faɗi, ɗaya aka cafe ƙwallon da ta buga a baya. An kuma buge jifanta sosai a ƙarshe, har na ji wasu a gefena suna cewa biyu ai ba ta isa ba.

Da aka tashi kocin ya zo inda nake, ita tana bayansa tana share gumi.

"Baba, tunda kai ne ka gano ƙafan, faɗa mini gaskiya. Yaya ka gan shi yau?"

Na so in ce babu kamarta a jihar nan. Amma na tuna inda cika baki ya kai mu. Na ce ƙafa ta gyaru, gudu ya dawo. Sai dai idan ta gaji kafaɗarta ta hagu tana faɗuwa, ƙwallon ya riƙa bauɗewa. Idan kuma aka buge ƙwallonta zuwa bayan fili, jifa na gaba da fushi take yin sa, wannan kam a wurina ta gada.

Ya yi dariya, ya buɗe littafi ya nuna mini. Abin da na faɗa shi ya rubuta, da Turancinsa. A ƙasa kuma ga jerin sunaye, nata ne na tara.

A hanyar gida tana bayana a kan babur, sai da muka kusa unguwa ta yi magana.

"Baba, dole ne sai ka gaya masa zancen kafaɗa?"

"Tambayata ya yi."

Na ɗauka fushi ta yi, na fara shirya wani ban haƙurin, sai na ji ta sake tambaya.

"Daga oba ta nawa take faɗuwa?"

"Ta bakwai."

"To gobe ka zo atisaye. Ka tsaya ta gefen hagu, ka fi gani daga can."

Na yi alfahari da sunanta a takardar nan, amma bai kai wanda na ji a kan babur ɗin ba. Na ce mata to, na rage gudu, don idona ya cika ba na ganin hanya sosai.