Fitilun Bishiyar Malamin Dabbobi

Sana'ata gyaran kayan wuta, kuma a Gumel nake yin ta tun rediyo na da daraja. Tocila, fanka, cajar waya, fitilar sola, duk abin da aka kawo sai na buɗe cikinsa na duba. Bishiya kuwa sau ɗaya na taɓa gyarawa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ta maƙwabcina ce, wani dattijo Kirista da kowa ke kira malamin dabbobi. Daga ƙasar Jos aiki ya kawo shi tun yana saurayi, ya yi ta yi wa shanu allura daga karar Maigatari har rugagen Sule Tankarkar da Gagarawa, ya yi ritaya bai koma gida ba. Hausa a bakinsa ta fi tawa, Fulatanci ma ba a zaginsa da shi. Katanga ɗaya ce ta raba mu. Da Sallah mu aika masa nama, da Kirsimeti matarsa ta aiko mana shinkafa da kaza, kuma ni ake kira in yanka kazar don kowa ya ci hankali kwance. Da matar ta rasu aka binne ta a maƙabartar Kiristoci da ke bayan gari. Tun daga nan, duk Lahadi in an tashi daga coci sai mai babur ya biya da shi can.

'Yarsa ɗaya ce, ma'aikaciyar jinya a Jos, kuma ta daɗe tana so ta ɗauke shi. Shi kuwa ya kafe. Ya ce ba ya barin garin da matarsa ke kwance, a gefenta yake so a sa shi. A ƙarshe suka yi sharaɗi: za ta zo Kirsimeti ta gani da idonta, in ta same shi yana iya wa kansa ta ƙyale shi, in ba haka ba ya shiga mota. Shi ya gaya mini wannan da bakinsa, yana wata dariya da ba ta kai ciki ba.

Ana saura 'yan kwanaki ta zo ya ƙwala mini kira ta kan katanga. Na shiga na tarar da shi a falo da wata bishiyar Kirsimeti ta roba mai tsayin ƙuguna, ganyenta ya koɗe, igiyar ƙananan ƙwayayen fitila ta cukurkuɗe a jikinta. Matarsa ce ta saye ta tun da daɗewa a wajen fataken da ke shigo da kaya daga Damagaram, kuma tun da ta rasu bishiyar ke cikin kwali. Ya ce so yake yarinyar ta tarar da gidan yadda uwarta ke riƙe shi, amma ya jona fitilun sun ƙi.

Wanda bai san irin wannan fitila ba zai ɗauka wasan yara ne. Ƙwayayen a jere suke kamar 'yan adashi, ɗaya ya saɓa duk layin ya tsaya, kuma ba mai nuna maka wanda ya saɓa. Na fara da filogin, irin mai zagayayyun ƙafafu na can ƙetare, na tarar lafiyarsa lau. Na bi wayar da yatsa na sami inda ɓera ya yi karin kumallo, na kankare, na haɗa, na naɗe da salataf. Shiru. Sai na zauna a tabarma na shiga zare ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya ina gwada su da batir, ina mita a zuciyata, domin wanda ya ƙera abin nan ba ya tausayin mai gyara. Na sami matattu, na ciro wasu daga wutsiyar igiyar na maye gurbinsu, na gajarce ta. Na sake jonawa, ko ƙyas.

Daga ƙarshe na buɗe wani ɗan akwatin roba da ke kusa da filogin, warin ƙuna ya buge ni. Shi ke sa fitilun walƙiya, shi ke kuma fitar da wani siririn kiɗa. Ya ƙone ƙurmus. Na yi abin da kowane mai gyara a kasuwarmu zai yi: abin da ya hana wuta wucewa a yanke shi, a haɗa waya kai tsaye. Na sa dalma na liƙe, na jona, bishiyar ta kama, ja da kore da rawaya.

Na ce, “Baba, an dace.”

Sai na hango ƙwai ɗaya bai zauna daidai ba, na zare filogin don in danna shi. Daidai lokacin dattijon ya taso daga kujerarsa ya zo ya tsaya gaban bishiyar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonta.

“Mun gode Allah,” in ji shi. “Dubi jan nan, kamar ranar da ta saye ta.”

Filogin yana hannuna. Bishiyar a mace take.

Na san idonsa ya yi rauni, kowa ya sani, amma ban san ya tafi ba. Nan take abubuwa suka dawo mini: yadda ya daina zuwa hira shagona, yadda ba ya kiran sunan mutum sai ya ji murya, yadda Littafi Mai Tsarki ke buɗe a cinyarsa kullum ba a juya shafi. Na mayar da filogin a hankali. A tarbiyyar da aka yi mana, ba ka duban sa'an ubanka ka ce masa ya makance, balle wanda ya rufa wa kansa asiri. Ya tambaye ni ina kiɗan, na gaya masa akwatin ya ƙone na yanke shi. Ya ce ba komai, Allah ya yi albarka. A lokacin na gane da kunne yake sanin bishiyar ta kama.

Ranar Alhamis na hau babur zuwa kasuwar Maigatari neman wani akwatin. Na bi masu kayan wuta rumfa rumfa. Masu fitilun ƙawata wajen biki suna da iri-iri, amma ba mai kiɗa, wani ma ya tambaye ni ko na fara zuwa coci ne. Na dawo hannu rabbana.

Yarinyar ta iso ana gobe Kirsimeti, ta tarar ba wuta a unguwar. Ranar Kirsimeti da hantsi na shiga da kwanon waina da maiɗakina ta soya musu. Gida tsaf, dattijo ya sha kwat, yana zirga-zirga tsakanin kujeru ba ya taɓa ko ɗaya, har shayi ya zuba mini da kansa bai zubar ba. Da yarinyar ta zo karɓar kwanon ta ce mini a hankali ta same shi fiye da yadda ta zata, wataƙila ita ce ta cika tsoro. Na ji daɗi ƙwarai. Ta shiga kicin, muka zauna ni da shi, bishiyar na gabanmu a jone tana jiran wuta.

Yana cikin ba ni labarin wani bijimi da ya taɓa kora shi a Gagarawa aka kawo wutar. Lokacin sanyi ne, fanka a kashe, kuma a unguwarmu an daina yi wa wuta sowa tunda yawanci an koma sola. Bishiyar ta kama ba motsi ba ƙara. “An kawo wuta” magana ce da kowa ke faɗa ba tare da tunani ba, amma ni sai ta maƙale mini. Na ga in na faɗa wa mutumin da ke fuskantar bishiyar cewa ta kama, na gaya masa ke nan na san sirrinsa. Ina cikin auna yadda zan sako ta cikin hira, yarinyar ta fito da faranti. Ta tsaya cak tana kallon fitilun uwarta, idonta ya kawo ruwa.

Ya ji takunta, ya juya wajenta. “Ki yi haƙuri, 'yata, wutar nan ba ta da tabbas. Da zarar an kawo za ki ga bishiyar mamanki, maƙwabci ya gyara ta.”

Ta ajiye farantin. Ta zo ta durƙusa gabansa, ta ɗaga hannu ta gitta shi a gaban fuskarsa, bai ƙifta ba.

“Baba, tun yaushe?”

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ce tun damina.

Ba ta yi faɗa ba, shi ma bai roƙe ta ba, sharaɗi ne kuma ya faɗi. Washegari aka fara ɗaure kaya. Ranar tafiya na riƙe hannunsa zuwa bakin mota, mutanen unguwa sun cika ƙofar gida ana ta neman gafarar juna. Kafin ya shiga ya matse hannuna, ya yi ƙasa da murya.

“Na ji lokacin da ka mayar da filogin ranar nan. Na san ka gani, na kuma gode da ka yi mini kara. Amma ranar Kirsimeti, da ko tari ka yi mini.”

Yarinyar ta kama shi ta zaunar, ta ce wa direba su fara biyawa ta maƙabarta.

Bai shekara a Jos ba ya rasu, kuma a can aka binne shi.