Kunnen Maliki Mai Haƙar Rijiya

Tanimu marini yana tsugune a bakin marina, hannuwansa cikin baba, Barau ya iso daga Jiratawa jikinsa duk yashi. Barau shi ne mai jan igiyar Maliki mai haƙar rijiya, Maliki kuwa aminin Tanimu ne. Ko sallama bai yi ba.

"Ta rufta da shi," in ji Barau. "Mun ga bango yana zuba, muka yi ta ihu. Wallahi ko kai bai ɗaga ba."

Tanimu ya zauna daɓas a ƙasa. Bai tambaya ko an fito da shi da rai ba, fuskar Barau ta riga ta faɗa.

Maliki Bagobiri ne, haifaffen Tibiri, gajere mai faɗin kafaɗa. Ya zo Maraɗi bayan ambaliyar da ta sa Nasara suka mai da gari kan tudu, lokacin da kowace unguwa ke neman rijiya. A nan suka haɗu da Tanimu, tuwonsu ya zama ɗaya. Tanimu yana ce masa Bagobiri, Maliki kuwa ba ya kiransa sai Baƙin Hannu.

Ba ƙarfi ne ya sa sunan Maliki ya kai ƙauyuka ba, kunne ne. Yakan ce ƙasa ba ta rufta wa mutum sai ta yi magana tukuna. In ya yi nisa a rami sai ya aje dagi, ya manna kunne a bango. Da ya ji yashi yana ɗan sulalowa, sirir, sai ya girgiza igiya a ja shi sama. Sau da yawa yana fitowa ramin ke rufewa a bayansa.

Wata damina tari ya kama shi, har da jini. Matarsa Tasalla ta dafa saiwoyi ta gaji. Tanimu ya ɗora shi a jaki zuwa asibiti wurin lokotoro, aka ce tarin fuka ne, amma an kawo sabuwar allura mai suna sitireftomisin. Mai yin allurar ya ja masa kunne da Hausa:

"In ka ji kunnenka yana ƙara, ko jiri na ɗibarka, ka faɗa maza. Wannan allura takan taɓa ji."

Maliki ya ce to. Amma a layin masu jira wani zance ake yi dabam. Tsofaffin majinyata sun ce jirin nan kokawa ce tsakanin magani da cuta, kuma wanda ya kai kuka za a tsayar masa da allura tarin ya dawo. Da kunnensa ya fara ƙugi kamar an saki ƙudan zuma a ciki, sai ya yi murna.

"Tana aiki, Baƙin Hannu. Ji nake tana huci har cikin kaina."

"Ba ka ji abin da mutumin nan ya ce ba?"

"Namiji zai je gaban lokotoro yana cewa kunnena, kunnena? Bari in warke tukuna."

Da Tanimu ya ga abin ya ƙi, shi ya je ya faɗa da bakinsa. Aka tsayar da allurar, aka ba Maliki wani magani, amma ɓarnar ta riga ta auku.

Tari ya tafi, jiki ya murmure, mutane suna ta barka. Cikin mutanen waje Tanimu kaɗai ya lura da yadda amininsa yake kafa wa bakin mai magana ido. Kaza ta yi kuka a bayansa, bai waiwaya ba. In ya miƙe sai ya dafa bango. Tasalla ta sani, ta yi shiru, don ba mai kiran kurma ya haƙa masa rijiya.

Sai ga kira daga Jiratawa, gefen gulbi, inda ƙasa yashi ce zalla. Ran tafiya da hantsi Maliki ya biyo ta marina da dagi a kafaɗa. Tanimu ya tsaya daf da fuskarsa.

"Bagobiri, ka tsaya a baki ka ja igiya. Barau ya shiga."

"Barau? Bai san yashi ba. In tura shi ya mutu, in ce wa ƴaƴansa me?"

"Kai kuma kana jin yashin?"

Maliki ya gyara dagi a kafaɗa.

"Ina da ido," ya ce.

"A cikin duhun rami?"

"To in zauna in koyi rini, in ɓata hannuna kamar naka?"

Tanimu ya so ya yi dariya, ta ƙi zuwa. Ya riƙe hannun amininsa har baba ya shafe shi, ya yi magana a hankali.

"Allah ya fito da kai lafiya."

"Me ka ce?"

"Na ce Allah ya fito da kai lafiya!"

"Amin. To haka za ka riƙa yi mini magana, ba ƙasa-ƙasa kamar amarya ba."