Buhun Barci da Ƙoƙon Inna

Ɗana na fari yana da wata biyu da 'yan kwanaki babansa ya kawo masa buhu. Ina gidanmu a Matsinkai a lokacin, wankan jego ya kai ni, an yi arba'in har an wuce, amma Inna ta ce ba inda zan koma sai sanyi ya sassauta. Sanyin shekarar kuwa bai zo da wasa ba. Daga fadama yake tasowa, da safe in ka tsoma hannu a randa sai ka janye babu shiri.

Maigidana albasa yake kaiwa tsallaken iyaka, ƙasar Benin, ya dawo da duk abin da idonsa ya faɗa a kai. Idon nasa kuwa ba ya tsayawa shawara. Ya taɓa kawo mini tukunyar lantarki a gidan da wuta ke leƙowa sau biyu a mako. Ranar nan bayan azahar ya iso, ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin Inna kamar yadda suruki ke yi, kai a ƙasa, ya turo leda ciki.

Inna ta zaro abin ta ɗaga. Riga ce marar hannu, mai auduga a ciki, ƙasanta a ɗinke ruf, da zif daga wuya har gindi. An zana tumaki a jiki. Ta juya gaba, ta juya baya, ta leƙa ciki.

"Albasa ta ƙare ne, angona za a ɗura a kai kasuwa?" Angonta take kiran jikan.

"Inna, rigar barci ce," in ji maigidana daga waje. "Can ga masu gwanjo na same ta. Da ita ɗiyan Turawa ka kwana. Ba bargo, ba komi. Yaro ba ya tuɓe ta, kuma ba ta hawa mai bisa huska."

Inna ta sake duban abin sama da ƙasa. Sannan ta kara rigar a jikinta. Daga ƙirji ta sauko mata har gwiwa.

A wuyan akwai ɗan ƙyalle mai rubutu: sha takwas zuwa talatin da shida, da wata kalma ta Faransanci. Maigidana yana da Faransancin kasuwa, kuma yana ji da shi. Ya ce kalmar "wata" take nufi, wato watannin yaron da rigar za ta yi wa daidai. Ya ga ƙanana, ya tsallake su da gangan. "Wa ka sayen kayan yaro daidai da shi? Wagga har ya yi wayo yana cikinta."

Ba zan ga laifinsa ba, haka aka raine mu. A gidajenmu ba a ɗinka wa yaro riga don yau, sai don baɗi da baɗin baɗaɗa. Kayan makarantar da na shiga aji ɗaya da su, da su na fita aji huɗu, duk shekara Inna na warware ninki ɗaya. Wanda ya sayi daidai jiki, almubazzari ne.

Aka ce a gwada. Inna ta kwantar da yaron ta ja zif. Ya ɓace a ciki, sai ɗan kai kawai a sama. Ya yi miƙa, ya harba ƙafa sau biyu, sai haɓarsa ta zame ta shige ƙarƙashin wuyan rigar, bakinsa ya bi. Maigidana ya yi dariya daga bakin ƙofa. Ni ma na yi, na ce ta yi kyau. Amma yadda bakinsa ya shige ya tsorata ni, na dai ɓoye.

Dalilin shiruna ke nan: ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari gaban manya. Ba na kiran sunansa, "yaron nan" nake cewa. In zan ba shi nono sai na juya na fuskanci bango. In ya yi kuka ina jira wani ya fara cewa in ɗauke shi. Malamar makaranta ce ni, ina da waya, ina tsawata wa yara arba'in a aji, amma a ɗakin Inna kunyar nan ta ɗaure mini baki tamau. Ga shi kuma in na kushe rigar, na kunyata mijina gaban surukarsa.

Da la'asar na zagaya bayan rumbu, inda waya ke kamawa, wani lokacin ma ta kamo layin Benin ta gaishe ka da Faransanci. Na karanta abin da masu kula da jarirai suka rubuta. Rigar kanta ba su kushe ta ba, sun ma fifita ta a kan bargo. Amma da sharaɗi: kada ta yi kaurin da yaro zai jiƙe da zufa, a kwantar da shi rigingine, kuma in an ja zif, kada kansa ya iya wucewa ta wuyan. In ya wuce, yaro na iya zamewa ciki.

Ban yarda in sake sa kan ɗana a gwaji ba. Washegari da hantsi, Inna na tsakar gida tana tankaɗe, na ɗauki zare na zagaya kansa ina ba shi nono, na ƙulla. Na bi ƙoren Inna ɗaya bayan ɗaya har na samu wani ƙoƙo da take zuba gishiri, zaren ya zagaye shi cif. Na juye gishirin a murfi, na ja zif ɗin rigar har sama, na kawo ƙoƙon bakin wuyan. Ban ma tura ba. Ya faɗa ciki ya gangara har ƙasa.

"Mi kike yi da ƙoƙona?"

Inna ce a bakin ƙofa, hannu duk gari. Na ce ina duba ko ya tsage ne. Ƙarya marar kan gado, don ƙoƙon na can gindin buhu. Ta dubi zaren, ta dubi kan yaron, ta dubi rigar. Ta goge hannu a zane, ta zaro ƙoƙon, ta sake sa shi a wuyan da kanta. Ya faɗa. Ta sake. Ya faɗa. Sai ta zauna a bakin gado tana riƙe da shi.

Na san Inna ta haifi wani kafin ni, ni ba 'yar fari ba ce. Shi ya sa Inna ke kiran sunana gatsal, har daga ƙofar gida. Abin da aka gaya mana kawai shi ne bai zo da kwana ba.

"Wata ukku garai," in ji ta, ba ta kalle ni ba. "Sanyi awa wanga. Da hantsi ne, uwata ta lulluɓe shi da bargo, muna zaune waje da baƙi. Raina ya ba ni in tashi in duba. Sau biyu ina yunƙurawa ina komawa. Na ji kunya a ce ta tashi duba ɗan fari." Ta juya ƙoƙon a hannu. "Allah ya san abin da ya ɗauke shi, ni ban sani ba. Amma bargon na bisa huskatai."

Tausayinta ya kama ni, da tsoro, na rasa wanda ya fi. Shekara kusan talatin tana ɗauke da wannan, tana warware mini ninkin riga, ban sani ba.

Da maigidana ya zo sallama zai koma gidan aurenmu a Bagudo, Inna ta fita ta tsaya gabansa, ta miƙa masa rigar da ƙoƙon hannu da hannu. Saura kaɗan ya nutse a ƙasa don kunya.

"Ka koma ga masu gwanjon. Wadda ƙoƙon ga ya ƙi shiga, ita za ka kawo."

Kwana shida yaron ya yi cikin riguna biyu da safa, Inna ta naɗe barguna ta ɗora bisa akwati. Yadda maigidana ya ba ni labari daga baya, kasuwar ta taru a kansa. Ƙaton mutum ya tsuguna gaban tulin kayan jarirai, yana jan zif yana cusa ƙoƙo. Mai kayan ta tambaye shi da Dendanci, yaren can, ko magani aka ba shi. Faransancinsa ya ƙare a "wata", sai ya koma nuni da hannu, ya dafa kansa, ya dafa ƙoƙo. Har yau, in ji shi, in ya gitta layin, mai ƙoƙo suke kiransa.

Wadda ya kawo 'yar ƙarama ce, marar kauri sosai, ba tumaki ba komai. Inna ta ja zif, ta danna ƙoƙon a wuyan, ta juya shi ta kowane gefe. Ya ƙi. Ta sa yaron, ta zura yatsa biyu tsakanin wuyansa da rigar, ta gyaɗa kai.

Maigidana dai abin na cinsa. Daga bakin ƙofa ya ce, "Amma Inna, wagga wata huɗu ya hi ƙarhinta."

"To ya hi ƙarhinta mana," in ji Inna. "Abin da muka roƙo ke nan."

Da yammacin ranar maƙwabta suka shigo, muka zauna tsakar gida ana ɓarar gyaɗa, yaron na ɗaki yana barci. Raina ya ba ni in duba shi. Na tashi gaban kowa na shiga, na ga fuskarsa a buɗe, na dawo. Jim kaɗan na sake tashi. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, ɗiyan zamani, ɗan fari hwa!" Aka yi dariya. Inna ba ta ɗaga kai daga gyaɗarta ba. Ƙafarta kawai ta janye daga hanya don in wuce.